Igiyar Shanya Babu Tsumma

Shekaranjiya jikata ta kama ni tsugune gaban kwandon shara a banɗakinta, ina ɗaga famfas ɗin jaririnta ɗaya bayan ɗaya ina auna nauyinsu a tafin hannu. Ta tsaya bakin ƙofa da waya a hannu, baki buɗe. "Innalillahi! Hajiya Kaka, lafiya? Ko tsufan ne ya fara taɓa ki?" Na ce, "Tsufa ya ci gidanku. Tun safe guda nawa kika cire masa?" Wai ita ba ta ƙirgawa da ka, waya ke ƙirga mata. Ta nuna mini: ya sha nono ƙarfe kaza, ya yi fitsari ƙarfe kaza, kuma duk bayan awa biyu wayar ta yi ƙara a tashe shi, don shi ma irin masu barcin nan ne, ya ja sau uku ya saki. Ni ba wayar ce ta ɗaure mini kai ba. Yarinyar nan ɗan farinta ne fa, amma a gaban ubanta ta ɗauke shi ta sumbace shi, ta kira sunansa gatsau, ta zauna tsakiyar falo tana ba shi nono tana hira. Na dafe ƙirji na ce oh ni, duniya ina za ki da mu. Ga gidan nasu a unguwar Apo, nan Abuja, bene hawa na uku, ƙofa a kulle, tagogi a rufe, ko sunan maƙwabciyarta ba ta sani ba. Na leƙa ta baranda ina neman igiyar shanya, ban ga ko ɗaya ba a duk layin.

Lokacin da aka kawo ni Abuja ba gari ba ce, jar ƙasa ce da duwatsu da katafila. Farar hula ke mulki, ana ta cewa kuɗin mai ya yi yawa har an rasa inda za a zuba shi, shi ne aka duƙufa gina sabon birni a tsakiyar daji. Maigidana direban tipa ne a wani kamfanin gini, kamfanin ya ba ma'aikatansa ɗakunan kwano a jere, kowane magidanci ɗaki ɗaya. Da asuba ƙarar tipoci ke tashinmu, ba zakara ba. Da rana tsaka a busa jiniya, kowa ya kama yaransa, sai ka ji dimm, an fasa dutse da nakiya, kwanon ɗaki ya yi ta rawa, kaji su watse, ƙura ta sauko cikin miya. Matan Gwari su wuto da itace a kafaɗa, ba a ka ba, ni kuwa baƙauya in saki baki ina kallo. Famfo ɗaya muke da shi, igiyar shanya ma ɗaya, doguwar waya daga bishiyar mangwaro zuwa turken wuta, kowace mace ta san iyakar nata wurin. A igiyar nan babu sirri. Nan ake sanin wadda aka yi wa sabon zani, da wadda ɗanta ke zawo, da wadda ta yi yaji, don rigunan mijin za su fito da dauɗar wuya. Mu kan yi tsegumi a kai, ba na musu, amma kuma nan ake sanin gidan da ya kamata a leƙa.

A garinmu mace ba ta haihuwar fari a ɗakin miji. Ciki na tsufa ake mayar da ita gidan iyaye, kuma tun muna 'yan mata an gama karanta mana yadda ake yi. Ɗan fari ba a kallonsa, ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi. Kakata takan ce, "Kunya adon mace, wadda ta rasa ta ko ta sa zinariya tsirara take." Na ga yadda yayyena suka yi. Mai jego ta juya fuska bango, tsofaffi su ɗauko jariri su dangwara mata a cinya, "Karɓi mana, ja'ira, wa zai shayar miki?" Ta noƙe, a kai mata dundu, ta karɓa tana hawaye kamar an yi mata dole, alhali a ranta kamar ta haɗiye shi don so. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne noƙewar. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce kunyar nan rabi ce, ɗaya rabin tsofaffi huɗu ne ko biyar da ke zagaye da ke, wannan ta fita wannan ta shigo, kowacce da dundunta. Na taho Abuja da kunyata cif, tsofaffin kuwa suna can gida.

An shirya za a mayar da ni gida idan Malam, maigidan nawa, ya sami hutu, sai haihuwa ta riga hutun da kusan sati uku. Matan layinmu suka karɓe ni a ɗaki, yaro ya faɗo ɗan mitsitsi, ya yi ɗan kuka kamar na mage ya yi shiru. Malam ya ba wani direba saƙo, kwana biyu sai ga mahaifiyarsa, Inna, ta sauka daga motar kaya da ƙullin gero da kanwa da daddawa da yaji. Malam ya kwashe tabarmarsa ya koma ɗakin abokinsa. Aka bar ni da surukata a ɗaki ɗaya, taku huɗu ne tsawonsa, babu ko labulen tsakiya. Inna ba muguwa ba ce, kada a ce na ce. Tun kafin gari ya waye ta hura wuta ƙarƙashin rabin duro, ta tafasa ruwa, ta yi mini wanka da ganyen dogon yaro har sai na ga taurari, ta dama kunun kanwa ta tsare ni sai na shanye. Duk abin da aka yi mata a nata jegon ta yi mini, ba ta rage komai ba. Sai dai ita ma kunyata take ji. Uwar miji ba ta kai wa matar ɗa dundu. Idan yaro ya yi kuka za ta ce, "'Yar nan, ɗauke shi." To yaron kuwa ba ya kuka.

Sau uku ko huɗu a wuni yakan ɗan motsa ya yi ƙus-ƙus, Inna ta ce in ɗauke shi. Sai in juya mata baya, in fuskanci bango, in lulluɓa da mayafi, zufa na keto mini. Ya kama, ya ja sau biyu, sau uku, haɓarsa ta yi sanyi, ya koma barci da nonon a baki. Ban san irinsu sai an zauna da su an yi ta lallaɓawa ba, ana tsokana ana jira. Ni sauri nake yi, kunnena na wajen Inna, kada ta ce yarinyar nan ta ƙwallafa rai a kan ɗa. Yana saki sai in ajiye shi kamar garwashi na riƙe. Inna ta ce, "Ya ƙoshi. Cikin jariri nawa yake?" Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, murya ƙasa-ƙasa, ko a tashe shi, tun hantsi bai sha ba. Ta ce, "A'a, ba a tashin jariri. A barci suke girma." Nonona ya cika ya yi tauri kamar dutse, ya riƙa zuba yana jiƙa mini riga. Inna ta yi zargin ko ba shi da kyau, ta sa na tatsa a murfin kwano, ta kamo tururuwa uku ta jefa ciki. Dukansu suka yi iyo suka fito. Ta yi hamdala ta ce nono lafiya lau, yaro dai mai ƙoshi ne.

Masu zuwa barka kuwa sai yabo. Ana busa jiniya, nakiya ta tashi, kwano ya girgiza, 'ya'yan maƙwabta su tsandara ihu, nawa ko gezau. Mata su tafa hannu. "Kai, kin yi sa'a! Wannan ai waliyyi ne." "Ni nawa sai da ya kusa haukata ni, ke kam barcinki kike sha." Ni kuma, Allah ya yafe mini, daɗi nake ji. Har ina taƙama a raina cewa jegona babu wahalar wanki. Malam yakan zo bakin ƙofa da yamma ya gaishe da Inna, ya ce yaya ruwan zafi, idonsa na kan takalminsa, don shi ma ɗan farinsa ne. Sau ɗaya tak na saci ɗaukar yaron, Inna ta zaga bayan gida. Na shinshina kansa, na ji ba shi da nauyi ko kaɗan. Kafin in gama tunani na ji takun takalminta, na mayar da shi da sauri na koma gefe ina tsince zaren tabarma.

Ranar kwana huɗu da la'asar Inna na gyara wuta a ƙofar ɗaki, ta leƙo ta dube shi ta yi murmushi. Ta ce, "Ni dai ban sake ganin irin haƙurin nan ba tun kan nawa na fari, wan mijinki. Shi ma haka yake, ko tari ba ka ji. Bai taɓa tada ni ba har Allah ya karɓi abinsa, ana gobe suna." Na ce Allah ya sa mai ceto ne, ta ce amin. Wallahi da kunnena na ji maganar nan, na amsa, na ci gaba da shan kununa. Har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Akwai wata Bagwariya a ƙarshen layinmu, Maman Ladi, tana shara da goge-goge a asibitin kamfani. Tana nan ranar da na haihu, washegari ta tafi ƙauyensu jana'iza. Ranar kwana biyar da hantsi ta dawo, ta ɗauko mana itace a kafaɗa na gudummawar ruwan zafi. Na ji ta jibge itacen, amma ba ta yi sallama ba. Can sai muryarta, da Hausarta irin ta nan da ba ruwanta da mace ko namiji: "Mama, ina tsumman yaro? Kun shanya a ɗaki?" Inna ta ce a'a, ai yaron ba ya ɓata kaya, tun jiya da safe guda ɗaya aka cire masa. Maman Ladi ta ce, "Ɗaya? Gidan jego, igiya babu tsumma?" Ko izini ba ta nema ba ta faɗo ɗakin. Ta yaye zanin da aka rufe shi, ta shafa tsakiyar kansa, ta kamo hannuna ta ɗora. Maɗigarsa ta faɗa ciki kamar an danna da babban yatsa. Ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta buɗe idonsa da yatsa, farin idon ya koma ruwan ƙwai. Leɓensa a bushe, fatar cikinsa ta ja ta saki, ta tsaya a tattare. Ta juyo ta dube ni. "Ke! Wannan yaro ba barci take yi ba. Ƙarfin kuka ne babu. Yunwa tana kashe shi a gabanku!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Inna ta ce, "Subhanallahi, baiwar Allah, wace irin magana ce wannan? Haƙuri ne da shi." Maman Ladi ba ta ko kalle ta ba. Ta tuɓe shi tsirara, ta jiƙa tsumma ta goga masa a fuska, ta murza tafin ƙafarsa har ya ɗan yamutsa fuska. Ta fizge mayafina ta jefar. "Cire riga!" Na dubi Inna. Ta daka mini tsawa, "Kina kallon wa? Mama ce za ta ba shi nono? Cire!" Na cire, a gaban uwar mijina, ƙofa a buɗe. Ta sa na tatsa a cokali, ta ɗaga kansa ta riƙa ɗiga masa a gefen baki kaɗan-kaɗan. Muka zuba ido a maƙogwaronsa. Da ƙyar ya motsa, ya haɗiya. Ta ce wannan ba zai isa ba, asibiti za mu yanzu. Inna ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, iska za ta shige ta. Ni da ban taɓa ɗaga ido na dubi Inna ba, na ji bakina yana cewa, "Inna, ta shige ni." Na saɓa ɗana a kafaɗa na fita ko ɗankwali babu. Maman Ladi ta tsaya tsakiyar hanya ta tare wata tipa da ta ɗauko yashi, muka hau gaba. Sai da motar ta tashi na ga Inna ta biyo mu da gudu, riƙe da mayafina.

Nas ɗin da ta karɓe mu ta ɗora shi a sikeli, ta dube ni, ta zazzaga mini faɗa da Turanci, ta ƙarasa da Hausa don kada ya wuce ni. Suka zura masa siririn tiyo ta hanci, ina tatsa ana ɗura masa, suka kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila saboda shawara, an rufe masa ido. Likita ya ce da mun ƙara kwana ɗaya ko biyu, sai dai wani zancen. A ɗakin nan mata takwas ne, kowacce ƙirji a buɗe, ba mai kallon wata. Nan aka koya mini abin da ko akuya ta sani. Kada in jira kuka. In tuɓe shi in manna shi a ƙirjina. In ya yi sanyi in sosa tafin ƙafa, in shafa bayan kunne, in matsa nonon ya zubo masa, in juya shi ɗaya ɓangaren, ko zai ɗauki rabin awa in zauna. Kuma in ƙirga tsumma. A nan na fara kallon fuskarsa sosai, kwana biyar bayan na haife shi, na ga ashe kunnen babana ya ɗauko. Aka raɗa suna a gida muna asibiti, aka aiko mini da hantar rago a kwano. Inna kullum tana zuwa da kunu, ta zauna a benci a waje. Kwana na uku a can ya buɗe baki ya tsala wani ihu har nas ta leƙo. Na fashe da dariya, na fashe da kuka, matan ɗakin suna ta yi mini barka kamar ranar na haihu.

Da muka dawo gida Inna ta karɓe wankin yaron gaba ɗaya, ko tsumma ɗaya ba ta yarda in taɓa. Wurinmu a igiya ya cika har muka ci iyakar maƙwabciya. Wata rana da rana tsaka aka busa jiniya, nakiya ta tashi, yaron ya firgita ya callara kuka har da shiɗewa. Ina zaune a ƙofar ɗaki na sa shi a nono, a fili, ban lulluɓa ba. Inna na tsaye wajen igiya ta ba ni baya, na ga tana bin tsummokin da yatsa tana ƙirgawa. Ta kai ƙarshe ta sake farowa. Ba ta juyo ba ta ce, "'Yar nan."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Ashe tashinsu ake yi?"

Na gyara wa yaron riƙo. Ta ce, "Ni nawa tsumma uku na yanka masa daga zanin saƙina. Biyu ko jiƙa su bai yi ba. Suna nan a ƙasan akwatina. Shekara talatin ina ba mutane labarin haƙurinsa."

Na ce, "Inna, kwanansa ne ya ƙare."

Ta ce, "Na sani, kwana ya ƙare." Ta gyara wani tsumma da iska ta naɗe. "Amma ni ban tashe shi ba."

Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Sai dai an ce da ta koma gida ta zama abin tsoron masu jego a unguwarsu. Ko ba a gayyace ta ba za ta je, ta fara tsayawa wajen shanya, sannan ta shiga ɗaki ta murje ƙafar jariri, ta kai wa uwar dundu ko 'yar waye. Har suna suka sa mata, wai Inna mai tada yara. Da ta rasu ni aka ba akwatinta in raba kayan. Suna can ƙasa, su biyu, a ninke, farare da baƙin layi, ko tabo babu. Ban sa su a rabo ba.

Yaron nan, wanda har gobe bakina bai iya kiran sunansa ba, shi ne uban jikar tawa, ga shi nan da furfura a gemu, kuma ba a gama zuba abinci bai miƙo kwano ba. Ban ba yarinyar labarin nan duka ba, mai jego ba a cika mata kai. Amma jiya da na koma na tafi da tsummokin Inna a jaka. Wayar ta yi ƙara, na karɓi yaron na tuɓe masa famfas, na ɗaura masa guda, na murza tafin ƙafarsa na ce, "Tashi, malam, ba a haƙuri a gidan nan." Uwar tana ta mita, wai wannan tsohon tsumma daga ina, zai ɓata mata kujera. Ya kuwa ɓata. Kafin la'asar ya jiƙa su duka biyun sharkaf. Na wanke su da hannuna, na fita baranda na shanya a kan ƙarfe. Ta biyo ni da sauri, wai a gidajen nan an hana shanya a baranda, mutane za su gani. Na ce su gani.